Filaf, Filaferon ko Birkin Hankaka: Wanne Ya Dace da Jirginka Mai Rimot Wajen Sauka?

Jirgi mai rimot da ya ƙi sauka inda ake so, ɗayan matsala biyu ce ke damunsa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai jirgin da nauyinsa ya yi wa fiffikensa yawa. Wannan dole ya shigo a guje, domin da ka rage masa gudu kaɗan iska za ta saki fiffiken ya rikito. Akwai kuma jirgin da ba shi da nauyi, sulɓi ne ya yi masa yawa. Ka kashe totur tun daga nesa, ka sunkuyar da hanci don ya sauko, sai ya tara gudu kamar mai keken da ya gangaro daga tudu ba birki, ya zo ya yi ta shawagi daf da ƙasa har fili ya ƙare. A ganina, yawancin masu shirin yanka fiffike su sa filaf matsala ta biyu ce ke damunsu, amma suna zaton ta farko ce. Ka fara tantance taka, domin a kanta duk zaɓin ya rataya.

Abin da filaf ke bayarwa, da iyakarsa

Filaf yanki ne na gefen baya na fiffike, kusa da jikin jirgi, wanda ake saukewa ƙasa. Aiki biyu yake yi. Yana ƙara wa fiffike lanƙwasa yadda zai iya ɗaukar jirgin da ƙaramin gudu, yana kuma tare iska ya zama birki. Digiri 15 zuwa 20 na farko yawanci ƙarfin ɗagawa suke ƙarawa, birkinsu kaɗan ne. Daga digiri 30 zuwa sama ɗagawar ba ta ƙaruwa sosai, birkin ne ke ta ƙaruwa.

Lissafin ba ya faranta rai. Ƙarfin ɗagawa yana tafiya ne da gudu sau kansa, saboda haka in filaf ya ƙara wa fiffike kashi 30 cikin ɗari, gudun da iska ke sakin jirgin zai ragu da kashi 12 kacal. Ko kashi 50 ya ƙara, ragin bai wuce kashi 18 ba. Manyan jirage ma haka suke. Cessna 172S, jirgin da ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da dama, iska na sakinsa a wajen kilomita 98 a sa'a in filaf na sama, in an sauke shi duka kuma wajen 89. Wajen kashi 9 ke nan. To jirginka da ke taɓa ƙasa a kilomita 35 a sa'a, bayan ka gama wahalar yanka da liƙi, a 31 zai riƙa taɓawa, ba a 20 ba.

Ribar gaske tana wajen birki. Da filaf a ƙasa za ka iya gangarowa daga sama a miƙe, ka tsallake bishiya ko katanga, ba tare da jirgin ya tara gudu ba, kuma da ka ɗaga hanci daf da ƙasa sai ya zauna, ba shawagi.

Zafi ma yana da hannu. A Kano, mai tsayin kusan mita 500 daga teku, ranar da zafi ya kai digiri 40 iska tana raguwa da kauri wajen kashi 13 in aka gwada da iskar bakin teku mai digiri 15, wadda da ita ake lissafin jirage. Wannan kaɗai yana ƙara wa gudun sauka wajen kashi 7. A Jos, da ke sama da mita 1,200, abin ya fi haka duk da sanyinta. Jirgin da ka gani a bidiyo yana sauka a hankali a Turai ba lallai ya yi maka haka da azahar ɗin watan Afrilu ba.

Ma'aunin da za mu bi

Abu shida za mu duba a kowane zaɓi: nawa yake rage gudun taɓa ƙasa, nawa yake ba da birki, kuɗinsa, wahalar aikinsa, ƙarkonsa, da haɗarin da yake kawowa. Farashin a dala na sa shi, kuma kintace ne, domin canji da kuɗin kawo kaya ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Akwai kuma abin da ke yanke hukunci tun kafin waɗannan, wato rimot ɗinka da risibarsa, na'urar da ke cikin jirgi tana karɓar umarnin rimot. Kowane abin da rimot ke sarrafawa tasha ɗaya yake ci, kuma totur, eleron (ɓangaren bayan fiffike mai karkata jirgi dama ko hagu), elebeta (ɓangaren jela mai ɗaga hanci ko sauke shi) da sitiyarin jela sun riga sun cinye tasha huɗu. Mai tasha huɗu kacal ba shi da inda zai sa filaf. FlySky FS-i6, mai wajen dala 50 zuwa 60, yana da tasha shida amma haɗi uku kawai yake bayarwa, wato damar sa tasha ɗaya ta motsa wata. Rimot masu manhajar EdgeTX, irin su RadioMaster Pocket ko TX16S, suna barin ka haɗa kowace tasha da kowace, ka kuma sa filaf ya sauka a hankali. Na Spektrum suna zuwa da shafin filaf a shirye.

Filaf na gargajiya

Shi ne a yanke gefen bayan fiffike a sa masa hinji. Girman da aka saba shi ne kashi 40 zuwa 50 na tsawon kowane fiffike, faɗinsa kuma wajen rubu'in faɗin fiffiken. In eleron ɗinka ya tashi daga jiki har ƙarshen fiffike, raba shi ake yi: na ciki ya zama filaf, na waje ya ci gaba da aikinsa. Juyin jirgin zai ɗan yi nauyi, sai ka ƙara wa eleron ɗin tafiya.

A jirgin fom aikin yini guda ne. Ka ja layi da biro da rula a fikafikan biyu, ka auna daga wuri ɗaya don su zo daidai. Sabuwar reza za ka sa, domin dakusasshiya yaga fom take yi, gefen ya fito da ƙwayoyi. Ka sa hinjin a fuskar ƙasa. Amfanin haka shi ne ba sai ka fere gefen ba: in filaf ya sauka, baki ne ke buɗewa ta sama, in ya koma kuma fuskokin biyu su haɗu su tsayar da shi daidai inda yake a da. Salatif mai zare a ciki ya isa hinji, layi ɗaya ta ƙasa, sai ka naɗe filaf ɗin baya ka sa wani ta cikin bakin. Ramin sarbo, wato ɗan injin da ke motsa filaf ɗin, a ƙarƙashin fiffike ake haƙa shi, a bayan sandar da ke riƙe fiffiken. Kada reza ta taɓa sandar nan ko da wasa. A jirgin katakon balsa aikin ya fi haka nisa, domin sai ka ɓare rufi, ka yanke haƙarƙarin fiffike, ka sa sabon katako ya rufe inda ka yanka, sannan ka sake rufewa da guga.

Sarbo biyu kake bukata. SG90 mai giram 9 yana da arha, dala 2 zuwa 4, amma haƙoran giyarsa na roba ne, kuma filaf ba kamar eleron ba ne: muddin yana ƙasa iska na danna shi, in kuma ya goga ƙasa ko ciyawa haƙoran ne ke fara zubewa. MG90S mai giyar ƙarfe, wajen giram 13, ya fi shi da dala ɗaya ko biyu kacal, kuma shi nake ba da shawara ga jirgin da faɗinsa ya kai mita 1.2 zuwa 1.5. Jirgin da ya fi haka, ko mai injin mai, yana son babban sarbo irin Futaba S3003 mai giram 37. In ka haɗa da wayoyin ƙari, ƙahonni (inda sanda ke kama filaf) da sandunan turawa, dala 10 zuwa 20 za ka kashe, jirgin kuma zai ƙara wajen giram 50. A jirgi mai giram 1,200 wannan kashi 4 ne na nauyi, wanda ke mayar maka da kashi 2 na gudun da ka rage. Babu laifi. Amma a jirgi mai giram 400 nauyin ya cinye rabin ribar.

Ga tarkon da ke kama mutane da yawa. Sarbo biyu na eleron ana sa su ne suna kallon juna, shi ya sa in aka haɗa su da wayar Y, mai raba tasha ɗaya ga sarbo biyu, ɗaya ke hawa ɗaya na sauka. In ka kwaikwayi wannan zaman a filaf, kana taɓa makunni filaf ɗaya zai sauka ɗaya ya nemi hawa. Mafita uku ce: ka sa sarbo biyun su kalli gefe ɗaya, ko ka sayi 'yar na'urar juya sarbo, ko ka ba kowanne tasharsa. A fiffike mai ƙira ɗaya da ba a raba shi biyu, akwai hanya ta huɗu da na fi so, wato sarbo ɗaya a tsakiya yana juya lanƙwasassun sanduna biyu. In ya mutu, filaf biyun tare suke mutuwa, jirgin bai karkace ba.

Wajen ɗaura sanda, ka daidaita yadda in filaf ya sauka duka hannun sarbo zai kusan miƙewa layi ɗaya da sandar. A haka nauyin iska a kan gindin hannun yake sauka, ba a kan haƙora ba. In ka ji sarbo yana ƙugi alhali filaf na tsaye, yana kokawa da wani abu ne, kuma wuta yake sha.

Haɗarinsa biyu. Na farko, hanci ya ɗaga sama da zarar filaf ya sauka, musamman a jirgi mai fiffike a sama; wasu masu fiffike a ƙasa kuma hanci suke sunkuyarwa. Ana gyara wannan da haɗin elebeta. Na biyu, filaf ɗaya ya sauka ɗaya ya ƙi, jirgin ya mirgina. Wannan ba shi da magani sai mayar da makunni nan take. Amma yana da wani alheri da sauran ba su da shi: tunda tsakiyar fiffike ce ta ƙara lanƙwasa, ita ke fara sakin iska, ƙarshen fiffike da eleron suna nan da ransu.

Filaferon

Nan ba yanka ba liƙi. Eleron biyun ne ake sa su sauka tare su yi aikin filaf, suna kuma ci gaba da juya jirgin. Sharaɗinsa kowane eleron ya kasance da sarbonsa da tasharsa. In jirginka yana da sarbo biyu a kan wayar Y, ka cire wayar, ka soka na biyun a tasha ta biyar ko ta shida, sauran aikin a cikin rimot yake. Ko sisi ba ka kashe ba, nauyi bai ƙaru ba, in bai yi maka ba kuma ka goge haɗin.

Arhar ce ke jan mutane, amma shi ya fi kowanne cin jirage. Dalili kuwa, in eleron ya sauka, ƙarshen fiffike ne ya ƙara lanƙwasa, shi zai fara sakin iska. Fiffike ɗaya ya faɗi, jirgin ya kifa, kuma a daidai lokacin da ba ka da tsayin da za ka ceto shi, wato a kwanar ƙarshe kafin sauka. Ban da haka, eleron ɗin da ya riga ya sauka ba shi da sauran tafiya mai yawa, juyi ya yi sanyi. Sannan wanda ya ƙara sauka yana ƙara jan iska a gefensa, sai ka ga ka karkata dama amma hanci na leƙa hagu. Wanda bai saba taɓa sitiyarin jela ba zai sha mamaki.

Siffar eleron ce ke raba gardama. In siriri ne da ya bi tsawon fiffike duka, filaferon na aiki daidai gwargwado, muddin ba ka wuce digiri 10 zuwa 15 ba. In kuwa gajere ne mai faɗi a can ƙarshen fiffike, ka bar shi kawai. Haka ma fiffiken da ke tsukewa wajen ƙarshe, irin na jiragen yaƙi. Kuma ka lura, digiri 15 ba ya ba da birki na kirki, saboda haka mai matsalar shawagi zai iya ƙara wa kansa ita.

Ga mai shawagi, juya haɗin ya fi amfani: eleron biyun su hau sama digiri 10 zuwa 15. Wannan yana rage ɗagawa, jirgin ya nutso da sauri, ƙarshen fiffike kuma ya ƙara aminci maimakon ya rage. Gudun taɓa ƙasa zai ɗan ƙaru, amma zai zauna inda ka nufa. A ranar iska mai kaɗawa ya fi filaf kowane iri daɗin sha'ani.

Filaf mai faranti a ƙarƙashi

Wannan tsohuwar dabara ce. Orville Wright da James Jacobs suka ƙirƙiro ta a 1920, ita ce a jikin jirgin fasinja DC-3 da jirgin yaƙi Spitfire. Saman fiffike yana nan yadda yake, faranti ne kawai ke buɗewa ta ƙasa. Na Spitfire ma matsayi biyu gare shi, ko a rufe ko a buɗe digiri 85, alamar cewa birki aka fi nema da shi.

Ga mai ƙaramin jirgi, daɗinsa shi ne ba ka yanke fiffike ba. Siririn falankin balsa ko roba mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, hinjin salatif a gaba, sarbo da ƙaho, shi ke nan. Ɗagawarsa kusan ɗaya da na gargajiya, birkinsa ya fi. Kuɗin ma ɗaya ne. Inda yake ba da ciwon kai shi ne rufewa. In farantin bai kwanta lif ba, jirgin zai yi ta jan iska duk tsawon tashi, batir na ƙarewa da wuri. Siririn faranti kuma yana kangarewa in ya sha rana ko ya kwana a but ɗin mota, sai ka manna masa siririyar sandar kabon. Birkin nasa yana da ƙarfi har in ka kashe totur gaba ɗaya jirgin zai tsaya cak a sama. Da wuta ake shigowa da shi.

Mai rata da na Fowler

A filaf mai rata, hinjin yana can ƙasa da fiffike, yadda in ya sauka wata 'yar rata za ta buɗe iska ta bi ta sama. Na Fowler, wanda Harlan Fowler ya ƙirƙiro a 1924 kuma Lockheed ta sa a jirginta Super Electra a 1937, baya yake zamewa ya ƙara faɗin fiffike kafin ya sauka. Su biyun sun fi kowa rage gudu. Amma iska a kan ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali ba ta ba da ribar da take ba babban jirgi, kuma ratar sai ta zo daidai a gefe biyun, in ba haka ba jirgin ya riƙa karkata. Layin da na Fowler ke zamewa a kai ba ya shiri da ƙura da yashi. In wannan kake so, sayen jirgin da aka ƙera da shi, irin E-flite Timber, ya fi ƙera shi a gida sauƙi, sai fa in ƙirar ce abin sha'awarka.

Birkin hankaka

Na masu jirgin shawagi ne, masu dogon fiffike da ba sa son saukowa. Filaf yana sauka digiri 60 har zuwa kusan 90, eleron biyun kuma su hau sama. Jirgin sai ya gangaro kusan a tsaye ba tare da ya tara gudu ba, ƙarshen fiffike kuma yana cikin aminci. Ba makunni ake sa shi ba, a kan sanda ko abin zamewa ake sa shi, ana ƙarawa ana ragewa kamar totur.

Yana bukatar sarbo huɗu a fiffike, tasha shida ko bakwai, da rimot mai haɗi da yawa. Haɗi ukun FS-i6 da ƙyar za su kai. Gyaran elebeta ma ba layi ɗaya yake bi ba, sai an yi ta gwaji. Babban abin da ke lalata shi: irin waɗannan jirage a kan ciki suke sauka, filaf mai digiri 80 kuma yana leƙowa ƙasa da cikin. In ba ka janye shi daƙiƙa ɗaya kafin taɓa ƙasa ba, giyar sarbo ta tafi, ko ta ƙarfe ce ƙahon zai tumɓuke.

Barin fiffike yadda yake

Wannan ma zaɓi ne, kuma shi ya kamata a fara gwadawa. Batir mai sel uku na 2200mAh yana da wajen giram 180, na 1300 kuma wajen 115. Giram 65 ɗin nan a banza ka same su, illa lokacin tashi ya ragu. Ka duba ma'aunin nauyi, wato daidaiton nauyi tsakanin hanci da jela: jirgin da hancinsa ya yi nauyi elebeta ba ta iya ɗaga shi a ƙaramin gudu, dole ya sauka a guje. Matsar da batir baya da milimita kaɗan, cikin iyakar da masu ƙirar suka bayar, yakan canza saukar baki ɗaya. Farfela mai juyawa da iska ta fi tsayayya tare iska, saboda haka kashe birkin ESC, na'urar da ke sarrafa gudun injin farfela, yana ba ka birki kyauta, farfela mai faɗi da ƙaramin murɗi kuma ta fi yi, muddin ka auna wutar da take ja. Sai fuskantar iska: iska mai kilomita 10 a sa'a tana cire kilomita 10 cif daga gudunka a ƙasa, abin da filaf ba zai taɓa ba ka ba. Tashi da sassafe ma yana rage wajen kashi 3 in aka gwada da tsakar rana.

| Zaɓi | Rage gudu | Birki | Kuɗi (dala) | Wahala | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Na gargajiya | Matsakaici | Mai kyau | 10–20 | Matsakaiciya | Mai kyau da giyar ƙarfe | Ɗaya ya ƙi sauka |
| Filaferon | Kaɗan | Kaɗan | 0–8 | Kaɗan | Kamar na eleron | Fiffike ɗaya ya faɗi |
| Eleron sama | Babu | Matsakaici | 0–8 | Kaɗan | Kamar na eleron | Nutsewa da ƙarfi |
| Mai faranti | Matsakaici | Mai ƙarfi | 10–20 | Matsakaiciya | Yana kangarewa | Gudu ya mutu farat ɗaya |
| Mai rata ko Fowler | Mafi yawa | Mai kyau | 20 zuwa sama | Mai yawa | Ba ya son ƙura | Gefe biyu su bambanta |
| Birkin hankaka | Kaɗan | Mafi ƙarfi | 20–40, ban da rimot | Mai yawa | Giya na karyewa | Goga ƙasa |
| Ba filaf | Kaɗan zuwa matsakaici | Kaɗan | 0–15 | Sai atisaye | Ba abin lalacewa | Nauyi ya koma baya da yawa |

Wuta da gwajin farko

Duk zaɓin da ya ƙara sarbo ya ƙara wa BEC kaya, wato ɓangaren ESC da ke ba risiba da sarbo wuta. ESC masu arha da yawa BEC ɗinsu mai amfiya 2 ne, irin wanda ke ƙona rarar wuta ta zama zafi. A batir mai sel uku, sarbo huɗu sun riga sun kai shi bango. Ka ƙara biyu masu kokawa da iska, a rana mai zafi, sai wuta ta faɗi, risiba ta ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma daidai lokacin sauka abin ke faruwa tunda a nan filaf ke aiki. UBEC, wato BEC na daban, mai amfiya 3 zuwa 5 bai wuce dala 8 ba. In ka sa shi, ka zare jar wayar da ke fitowa daga ESC zuwa risiba. Game da gam kuwa, na kyandir yana saki in jirgi ya daɗe a mota cikin rana, sufa gulu na kasuwa kuma yana cinye wasu nau'in fom. Ka gwada a ɓallin da ka yanke tukuna.

Gwajin farko a can sama ake yi, inda in abu ya ɓaci kana da sararin gyara. Ka rage totur zuwa ƙasa da rabi, ka jira gudu ya sauka, sannan ka sauke rabin filaf ka zuba wa hanci ido. In ya ɗaga, ka sauko ka haɗa elebeta ƙasa milimita 2 ko 3, ka sake hawa. Sai rabin ya zauna daidai za ka gwada duka. In rimot ɗinka na iyawa, ka sa filaf ya ɗauki daƙiƙa biyu yana sauka, yawancin zaburar hancin za ta ɓace. Daga nan ka ja elebeta a hankali har iska ta sake shi, ka ga ko hanci yake saukewa ko fiffike yake yarwa.

Tuƙin ma yana canzawa. Da filaf a ƙasa, totur ne ke riƙe tsayi, elebeta ke riƙe gudu, kuma ba a kashe wuta sai an zo daf da ƙasa. In saukar ta ɓaci za ka sake zagaye, ka ba da wuta a hankali kana danne hanci, ka koma rabin filaf, sai ka yi sama sannan ka janye sauran. Janye shi duka a ƙasa-ƙasa yana sa jirgin ya nutse. Ranar da iskar hunturu ke bugawa tana saki, rabi ya isa, ko ma a bar shi a rufe.

Wa ya dace da wanne

In jirginka na koyo ne mai fiffike a sama, ƙasa da giram 700, kada ka yanka shi. Ka rage nauyi, ka gyara ma'auni, ka koyi shigowa da iska a gaba.

In na fom ne ko balsa mai faɗin mita 1.2 zuwa sama, filinka gajere, ga bishiyoyi ko wayar lantarki a bakinsa, filaf na gargajiya da MG90S da UBEC shi ne naka. Haka ma jirgin yaƙi mai nauyi da ke shigowa a guje, ko da yake shi faranti ya fi dacewa da surarsa, ya kuma bar fiffiken da ƙarfinsa.

In eleron ɗinka siriri ne mai bin tsawon fiffike, kana da sarbo biyu da tasha a sake, ka gwada filaferon na digiri 10 a can sama, ka gwada kuma ɗaga su sama. Wanda ya yi maka a cikinsu ka riƙe. In gajere ne a ƙarshen fiffike, ɗagawa sama kaɗai za ka gwada.

Mai jirgin shawagi na mita 2 zuwa sama da ke wuce fili kullum, birkin hankaka yake bukata, da rimot ɗin da zai iya ɗaukarsa. Wanda kuma burinsa tashi da sauka a taku goma, ya tara kuɗin jirgin da aka ƙera da filaf mai rata tun daga masana'anta. Mai rimot mai tasha huɗu kuwa, kafin ya sayi sarbo ko ɗaya, kuɗin rimot zai fara nema.